Jarumtar Nesa

Kawuna bai taɓa wuce Maraɗi ba ta arewa, ta kudu kuma iyakarsa Kaduna, amma da wuya ka ambaci wata ƙasa a duniya ka tarar bai riga ya yanke mata hukunci ba. Manomi ne a Birnin Tsaba. A da yana haɗawa da fataucin dabbobi zuwa kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis, kafin hanya ta zama abin da ta zama. Rediyonsa kuwa, mai eriya ɗaure da zare, ya girme ni.

A wurinsa Baturen Ingila mayaudari ne mai ladabi. Bafaranshe ba ya sakin abin da ya riƙe sai an sare hannun. Sinawa ba sa kallon fuskarka, ƙasarka suke kallo. Indiyawa mutanen kirki ne sai dai yawan kuka, kuma hujjarsa ita ce fina-finan da ya gani yana saurayi. Putin yana burge shi don kawai yana hana Amurka barci. Harsuna ma ya raba musu aiki: Turanci harshen takarda, duk maganar da aka fara da shi da biyan kuɗi take ƙarewa, Faransanci harshen jandarma a bakin iyaka. Larabci ne kaɗai ba ya tsoma wa baki.

Ni kuma na karanta kimiyyar kwamfuta, ina zaune Abuja ina rubuta manhaja. A sana'armu ba a sakin aiki sai an gwada shi an ga inda yake karyewa. Shekaru da yawa haka nake kallon ra'ayoyin Kawu, aikin da ba a gwada ba. Duk zuwana gida sai na yi ta gyara masa, ina ce masa Faransa mutum sama da miliyan 60 ne, ta yaya za su zama hali ɗaya? Ya kan yi murmushi ya ce, "To, Malam Bature," ya ci gaba da maganarsa daga inda na katse shi.

Tambayar da nake yi a lokacin ita ce, wa ya ba mutum izinin yanke wa mutanen da bai taɓa gani ba hukunci? Daga baya na ga amsar tana cikin rediyon. BBC ta fara magana da Hausa a 1957, Muryar Amurka a 1979, Faransa ta shigo da RFI a 2007, ga Jamus, ga Sin, ga Iran. Manyan ƙasashe sun kashe kuɗi don su shiga kunnen manomi irin Kawu da harshensa. Wanda ya yi sallama a zaurenka safe da yamma tsawon shekara arba'in yana gaya maka yadda duniya take, ai bai isa ya ce kada ka yi magana a kansa ba.

Kuma ba duk ra'ayinsa ne ba a gwada ba. Da sojoji suka kifar da Bazoum a Yulin 2023, ECOWAS ta yi barazanar amfani da ƙarfi, aka rufe iyaka, aka yanke wa Nijar wuta, ni ina ta kawo hujjar tsarin mulki da dimokuraɗiyya a waya. Kawu ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaye ni wa za a harba a Maraɗi in ba surukanmu ba. Ƙanwarsa can take aure. Ya san abin da rufe iyaka zai yi wa farashin kaya tun kafin masana su rubuta, ba a kuma buɗe ta ba sai Maris na 2024.

Abin da ya sa nake wannan rubutu dai wani dare ne a majalisarsu. Ana cikin gardama mai zafi kan yaƙin Yukiren, kowa ya zama janar, sai na ce, mu da muke da namu yaƙin a bayan gari, me ya sa ba a maganar kuɗin da ake tara wa mutanen daji kafin a shiga gona? Na ambaci sunan Bello Turji. Wurin ya yi tsit. Wani ya tashi wai zai kama ruwa. Can sai wani dattijo ya ce, "Wai nikam Rasha ta kama garin nan kuwa?" Hira ta koma Turai kamar ban ce komai ba.

A hanyar gida Kawu bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi, "Ɗana, kai jibi kana tahiya. Mu nan muka kwana. Putin bai da ɗan rahoto cikin garin ga."

Na daɗe ina juya maganar. Mutanen da nake yi wa dariya don suna zubar da ƙarfinsu kan Gaza da Mosko, ashe can ne kaɗai wurin da ya rage musu su yi siyasa da murya sama. Ɗan Adam yana bukatar ya ce wannan zalunci ne, wancan adalci ne. In ya faɗa a kan na kusa zai iya kwana a daji, ko a zo a ɗauki ɗansa. A yankin da a 2022 gwamnati ta tuɓe sarkin Zurmi da na Ɗansadau bisa zargin alaƙa da 'yan bindiga, talaka zai amince da wa ya buɗe masa ciki? Sai ya ɗauki fushin ya kai shi Faransa, inda ba mai bin sa gida.

Ko wannan ragwanci ne? Na so in ce e, sai na tuna nawa halin. Ni ne mai dogayen rubutu a Facebook, ina kiran sunaye, ina cewa mutanenmu su daina biyan haraji su tashi tsaye. A Satumban 2021, da aka katse layukan waya a Zamfara aka rufe kasuwannin mako, na yi makonni ban ji muryar kowa a gida ba, amma rubutuna bai tsaya ba, har ma ya fi samun masu yabo. Bayan an dawo da layi, ɗan Kawu ya kira ni. Bai ce na yi ƙarya ba. Roƙona ya yi in goge wani rubutu, don sunan gidanmu yana jikin sunana. Na goge a daren. Jarumtata da ta Kawu ashe iri ɗaya ce, kowa yana rugumi kan abin da yake nesa da shi. Bambancin kawai, in Kawu ya zagi Macron ba wanda zai biya, ni kuwa in na yi nawa, su ne za su biya.

Ba ina cewa shirun alheri ba ne. A cikinsa ɗan rahoto yake ƙiba, kuma garin da kowa ya kame bakinsa ba ya iya haɗa kai ko a kan gyaran rijiya. Malamai sun karantar da mu cewa ƙin mugun abu a zuci mataki ne, amma shi ne na ƙasa. Abin da na daina shi ne tsayawa a Abuja ina auna wa mutanen Zurmi matakin da ya kamata su hau.

Akwai kuma abu guda da ya fi ba ni kunya. Bayan Hausa, harshe ɗaya ne Kawu yake ji sosai, Fulatanci. Ya koye shi yana yaro, lokacin da makiyaya suke sauka a gonar kakanmu bayan girbi, shanu su ci kara su bar taki. Yau ɓoye shi yake yi, don wanda aka ji yana Fulatanci sai a fara kallonsa. Amma mutumin nan da yake haɗa Faransawa duka a jimla ɗaya, ban taɓa jin ya ce "Fulani haka suke" ba. In wani ya faɗa, sai ya tambaye shi, "Wane daga ciki?" ya shiga lissafa waɗanda ya sani, wane an sace masa shanu, wane 'yan sa-kai sun kashe ɗansa a kasuwa, wane kuma lallai ya shiga daji. Wannan jimlar da ya ƙi faɗa, na karanta ta sau ba adadi daga masu digiri irina, da Turanci mai kyau.

Da na je sallar bara na kai masa rediyo mai cajin rana. Ya jujjuya shi, ya ga na Sin ne, ya ce zai yi wata uku. Sannan ya tambaye ni ko gaskiya ne Nijar ta mayar da Hausa harshen ƙasa, Faransanci ya koma na aiki. Na ce haka ne. Ya yi dariya har da tari, ya ce to yanzu jandarma da wane harshe zai karɓi kuɗi. Muna cikin haka aka ji ƙarar babura daga yamma. Ya rage muryar rediyon, muka yi shiru har suka wuce.