Kafin a Ɗora wa Madabod Laifi

Kwamfutar da aka harhaɗa da hannu, ram daga Beirut Road a Kano, madabod na hannu daga Sakkwato, akwati kuma na wani ɗan'uwa, tana da cutar da masu shagon buga takardu suka sani sarai: ana tsakiyar aiki ta mutu, ta sake tashi da kanta, ko ta sandare. Haka na faruwa sau biyu uku sai ka ji an yanke hukunci, wai bod ɗin ne ya tafi. Wannan gaggawa tana damuna ƙwarai. Ga mutumin Tozai ko Isa ko Sabon Birni, neman wani madabod kuɗi ne, kuma tafiya ce a kan hanyar da 'yan bindiga suka sa kowa ke hawa da addu'a a baki. Bai kamata a yi ta a kan zato ba.

Sau da yawa jaki aka bari ana dukan taiki. Wuta ce ya kamata a fara tuhuma. Aikin akwatin wutar kwamfuta shi ne ya karɓi bolt 230 ya raba shi zuwa 12 da 5 da 3.3. Ƙaramin janareta mai tari, ko inbata mai arha da batirin solarsa ya gaji, ba za su ba shi tsayayyar wuta ba, shi ma a hankali sai ya raunana. A ɗora mita ana cikin aiki. Idan layin 12 ya sauka ƙasa da 11.4, an kama mai laifi.

Sai zafi. A watan Afrilu yankinmu kan haura digiri 40, ga ƙurar hunturu ta riga ta toshe fanka. Furosesa idan ta yi zafi kashe kanta take yi don kada ta ƙone, dabara ce ta kare kai da aka gina mata. Burushi da sabon man sanyaya sukan wadatar.

Inda na fi ganin haƙurin mai gyara yana ƙarewa shi ne wajen ram. Sai ya zare, ya goge, ya canza waya, ya sake loda Windows, duk a zama ɗaya. In ta warke bai san me ya warkar da ita ba, ranar da cutar ta sake tashi kuwa ya koma farko. Abu ɗaya ake taɓawa, a gwada, a rubuta a littafi, sannan a matsa gaba. Ram ɗaya, rami ɗaya, a bar manhajar MemTest86 ta kwana tana bincike. Tun 1994 take wannan aiki. 

Wani lokaci fa madabod ɗin ne da gaske. A fito da shi daga akwati, a ɗora kan kwali a kunna, domin ƙusa ɗaya da ta kauce tana iya haɗa wuta ta ƙasa. A duba kawunan kafasito. Daga 1999 zuwa wajen 2007 an cika kasuwar duniya da masu gurɓataccen ruwa a ciki, kansu ya kumbura ko ya tsattsage, kuma tsofaffin kwamfutocin wancan zamani har yau suna hannun mutane. Ko kafasiton nan, mai gyaran rediyo da ya iya dalma yana iya canza su a cikin gari, muddin ya sami masu lamba iri ɗaya kuma bai juya ƙafafunsu ba.