Wayar Yaro a Hannun Uba: Sa Ido ko Leƙen Asiri?

Hausawa na cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. A sha'anin rayuwa haka ne, amma a sha'anin wayar hannu zancen ya juye. A yawancin gidajenmu na Briqueterie, tsohuwar unguwar Hausawa a Yawunde, har zuwa Etoudi inda wasunmu suka koma da zama, yaro ɗan shekara 14 ne ke buɗe wa mahaifinsa WhatsApp, shi ke tura masa kuɗi ta Orange Money ko MoMo, shi ake aika Avenue Kennedy idan gilashin waya ya fashe. Kuma wannan yaron ne ake so uban ya sa wa ido a kan abin da yake yi da tasa wayar. Abin tambaya a nan shi ne: ya dace uba ko uwa su bincika wayar ɗansu ba da saninsa ba?

Ni uba ne, don haka ba zan raina tsoron iyaye ba. A da, unguwa ce ke taya mu tarbiyya. A Brik gidaje a cunkushe suke, mai tsire ya san ɗan wane ne kai, tela ya sani, ladanin masallaci ya sani. Kafin yaro ya iso gida labarin ɓarnarsa ya riga shi. Yau kuwa yana kwance a ɗaki kusa da kai, amma hirarsa tana can tare da wanda ba ka san ko sunansa ba. Akwai 'yan damfara, akwai cacar ƙwallon ƙafa da ke cinye kuɗin makaranta, akwai masu yaudarar yarinya ta tura hotonta sannan su riƙa yi mata barazana da shi. Ita kanta gwamnatin Kamaru ta ga girman matsalar, shi ya sa a watan Yulin 2023 aka kafa dokar kare yara a intanet. Addini ma ya ɗora wa kowane magidanci alhakin waɗanda ke ƙarƙashinsa. Uban da ya miƙa wa yaro waya ya juya baya, ya yi sakaci da amana.

To amma sa ido daban, leƙen asiri daban. Sa ido shi ne yaro ya san kana dubawa, ya san iyakar da ka gindaya da dalilinta. Leƙen asiri kuwa shi ne ka jira ya shiga wanka ka ɗauki wayarsa, ko ka biya wani ya dasa masa manhajar da za ta riƙa kawo maka rahoto. Na biyun nan ne nake ganin illarsa ta fi amfaninsa, saboda dalilai uku.

Na farko, ba ya ma aiki a kan yaron da ya fi ka sanin waya. WhatsApp yana da saƙon da ke gogewa da kansa, da hoton da sau ɗaya ake ganinsa ya ɓace, tun 2023 kuma ana iya kulle hira a ɓoye ta. Wayoyi da yawa na iya ɗaukar asusu biyu na manhaja ɗaya, sai yaro ya nuna maka na gaisuwar 'yan uwa ya ɓoye ɗayan. Ga kuma harshe: mu mun saba da saƙon murya da Hausa ko Fulatanci, su kuwa suna rubutu da Faransancin titi da aka gauraya da Turanci, wanda ko ka karanta ba lalle ka gane ba. Ƙarshenta dai abin da ka koya masa shi ne ƙwarewa a ɓoyo.

Na biyu, ba asirin ɗanka kaɗai ke cikin wayar ba. Akwai na abokinsa da ya faɗa masa rikicin gidansu, akwai na 'yar ajinsu da ta nemi shawara. Waɗannan ba 'ya'yanka ba ne, ba su kuma ba ka izini ba. Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta haɗa mugun zato da binciken asirin mutane da gulma ta hana su a wuri ɗaya, domin ɗaya ke haifar da ɗaya. A Suratun Nur kuma an umarci yara su nemi izini kafin su shiga wurin manya a lokuta uku. Gidan da ake koya wa yaro yin sallama a bakin ƙofa gida ne da ya yarda mutum yana da sirri. Da wuya ka dasa masa wannan ladabi alhali kai kana haura masa katanga.

Na uku shi ne ya fi damuna. Duk tsaron da ka yi, wata rana wani abu zai kuɓuce maka. Ranar da wani ya ce wa 'yarka ta turo kuɗi ko ya watsa hotonta, abin da zai cece ta shi ne ta iya zuwa wurin uwarta ta faɗa. Yarinyar da ta taɓa kama ana yi mata bincike a ɓoye, ko aka tona ta gaban dangi, za ta gwammace ta yi shiru ta biya. Iyaye sun samu labarin ƙananan laifuffuka, sun rasa labarin babban haɗari.

Wani zai ce: idan ka sanar da shi za ka duba, ai zai goge komai. Gaskiya ne, zai iya. Amma me kake nema, hujjar kama shi ko gyaran halinsa? Hujja aikin ɗan sanda ne. Uba kuwa yana renon wanda gobe zai tafi karatu Duwala ko Ngawundere ko Kano, inda babu mai duba masa waya. Idan tsoron kamu ne kawai ke riƙe da shi, ranar da ya bar gida igiyar ta tsinke.

Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin yara, ta 1990, ta kama tsakiyar zancen a sashe na 10: ta amince yaro yana da haƙƙin sirri, ta kuma bar wa iyaye ikon sa ido daidai gwargwado. A fahimtata, gwargwadon yana tafiya da shekaru. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da bai kai 13 ba, shekarun da WhatsApp da kansa ya gindaya, ba ya buƙatar asusun kansa. Idan ya kai, a yi sharaɗi a fili: waya ta kwana a falo, uwa ta san lambar sirri, a zauna a duba tare. Yana girma yana nuna hankali, ana sassauta masa. In kuwa alamar haɗari ta bayyana ƙarara, kamar kuɗin da ba a san tushensu ba ko firgita duk lokacin da waya ta yi ƙara, to a duba ko bai so ba, amma a gabansa, a faɗa masa dalili.

Akwai kuma abin da muke mantawa. Yaron da ya san lambar sirrin asusunka, yake tura maka kuɗin ciniki bai taɓa rage ko sefa ɗaya ba, ya riga ya riƙe maka amana. A nan ya kamata a ɗora gini. Ka ce masa, “Kai ka fi ni sanin waya, ni na fi ka sanin mutane. Nuna mini yadda ake damfara a nan, in nuna maka yadda ake gane maƙaryaci.” Yaron da aka ɗauka abokin shawara a kan tsaron gida yakan ji nauyin ya zama shi ne ɓarakar.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba mu ikon riƙe amanarsu yadda muke so su riƙe tamu.