Yaron Da Yake Ƙuncin Jinsinsa: Mai Laifi Ne Ko Mai Jinya?

 

'Yan'uwa, akwai wata mas'ala da muka saba wucewa a kanta da "a'uzu billahi" kawai, sai mu ɗauka mun gama. Ita ce ta matashi ko matashiya da ke jin ƙunci mai tsanani da jikin da aka halicce shi da shi. Namiji ne amma zuciyarsa tana ƙin hakan, ko mace ce amma alamomin balaga sun zame mata azaba. Tambayata: irin wannan yaro, kafin ya aikata komai, mai laifi ne ko mai jinya?

Mu fara da inda aka fi bincikar abin. A Ingila akwai asibitin Tavistock da ke Landan, wanda ya daɗe yana karɓar irin waɗannan yara. A shekarar 2011 zuwa 2012 waɗanda aka tura can ba su kai 250 ba. A 2021 zuwa 2022 sun haura 5,000, kuma mafi yawansu 'yan mata ne masu tasowa. Hukumar lafiyar ƙasar ta ɗora wa wata likitar yara, Dakta Hilary Cass, nauyin bincike, ta fitar da rahotonta a Afrilun 2024. Ta gano cewa da yawa daga cikin yaran suna fama da ciwon damuwa, da fargaba, da ƙin cin abinci, wasu da lalurar otizim, wasu kuma sun sha wuya tun suna ƙanana. Amma da zarar yaro ya ambaci jinsi, sai hankalin kowa ya koma can, sauran ciwon a bar shi yana cinsa. Ta kuma nuna cewa hujjojin amfanin magungunan dakatar da balaga masu rauni ne. A Maris ɗin shekarar aka daina bayar da su kai-tsaye a asibitocin gwamnati, aka rufe wancan sashe na Tavistock.

Na san wani zai ce, "Ka gani, su ma sun dawo hanya." To, a yi a hankali. Darasin da ke ciki ya shafe mu. Can an kalli jinsi an manta da yaron. Mu ma idan muka kalli zunubi kaɗai muka manta da yaron, kuskure ɗaya muka yi da su, kowa ta tasa ƙofar.

Malamanmu ba su jahilci wannan babi ba. Akwai hadisin Ibn Abbas a Bukhari da ke tsine wa masu kwaikwayon ɗaya jinsin, wannan tabbas ne. Amma Imamun Nawawi a sharhinsa na Sahihu Muslim ya raba mukhannas gida biyu: wanda haka aka halicce shi, bai ƙirƙiro ba, wannan babu zargi ko zunubi a kansa, da wanda ya ɗora wa kansa da gangan, shi ne abin zargi. Ibn Hajar a Fathul Bari ya ƙara da cewa na farkon ana umartarsa ya yi ƙoƙarin bari sannu a hankali. Kun ji? Sannu a hankali, ba da bulala ba. Kuma ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa ba a kama wannan al'umma da abin da zuciya ta raya, matuƙar ba a aikata ko furta shi ba. Yaron da ya zo yana kuka yana faɗin abin da ke damunsa kuwa neman taimako yake, ba shelar saɓo ba.

Batun tiyata daban ne. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta zauna a kansa a 1989, ta yanke cewa wanda halittarsa ta cika namiji ko mace bai halatta a sauya shi ba, amma mata-maza, wanda al'aurarsa ta rikice, a yi masa magani a daidaita shi da abin da ya rinjaya. A kan wannan nake. Sai dai fa hukuncin tiyata bai ba uba lasisin wulaƙanta ɗansa ba. Fatawa ta amsa tambayar "me ya halatta a yi wa jiki?" Ba ta ɗauke mana tambayar "yaya za mu yi da yaron da ba ya barci, ba ya cin abinci, yana cewa gara ya mutu?"

Wannan ta ƙarshen ita ce ta gaggawa. Kiyaye rai yana cikin larurori biyar da Gazali da Shaɗibi suka ce shari'a ta zo ta tsare. Masu binciken lafiyar matasa sun daɗe suna nuna cewa yaron da gida ya ƙi shi ya fi shiga haɗarin kashe kansa. Mu ma a nan mun sani. Yaro mai taushin murya, tun yana firamare ana ce masa ɗan daudu, a makaranta a yi masa dariya, a gida a doke shi, har ya gudu. Ina ya nufa? Wajen waɗanda suka karɓe shi, ko su waye. Sai mu dawo muna cewa ya lalace, alhali mu muka kore shi. Wasu iyayen kuma gidan mari suke kai ɗansu, kamar ba mu ga abin da aka bankaɗo a Rigasa ta Kaduna a 2019 ba, mutane ɗaruruwa, wasu da sarƙa a ƙafa. Wallahi sarƙa ba ta taɓa warkar da zuciya ba.

To me za a yi? Uba ko uwa, idan ɗanku ya buɗe muku cikinsa, ku saurara har ya gama, kada ku yi masa tsawa. Ku rufa masa asiri, kada ya zama labarin dangi a WhatsApp. Ku tambaye shi kai-tsaye ko yana tunanin cutar da kansa. Tambayar ba ta jefa tunanin a zuciya, sau da yawa ma sauƙi take kawowa. Idan ya ce e, ranar nan a je asibiti. Ku kai shi wajen likitan ƙwaƙwalwa a duba damuwar da fargabar, a kuma bincika ko wani ya taɓa cin zarafinsa. Idan akwai shakka a halittar jikinsa, likita ne zai tantance. Addu'a da ruƙiyya ta shari'a alheri ne, amma a haɗa da magani. Kada a yi gaggawar aurar da shi wai don ya warke, a jefa 'yar mutane cikin wahala.

Mu kuma limamai, mu kula da harshenmu a kan mumbari. Cikin sahun nan ƙila akwai yaro ɗan shekara 15 da ke ɗauke da wannan nauyi shi kaɗai. Idan abin da ya ji daga bakinmu tsinuwa ce da barkwanci, zai fita da yaƙinin cewa Allah ba Ya son sa, kuma za a tambaye mu a kan haka. Mu faɗi hukunci yadda yake, mu kuma faɗa masa cewa jarrabawa ba alamar ƙiyayyar Allah ba ce, haƙurinsa yana da lada, masallaci kuma gidansa ne.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya yaye wa duk mai ƙunci ƙuncinsa. Wallahu a'alam.