Kotun Waje da Kotun Zuci: Wa Ke da Ikon Hukunta Ɓarawo?

 

A ƙauyukan Madarunfa da ke bakin iyakar Najeriya, satar shanu da garkuwa da mutane sun gallabi jama'a. Shi ya sa in aka yi ihun ɓarawo ranar kasuwa, kafin jandarma su iso sanduna sun tashi. Muridin da ke wurin, watakila da tasbaha a hannu, me ya wajaba a kansa?

Amsar tana cikin yadda aka tsara shari'ar laifi. Dokar Nijar ta kasa laifuka uku: ƙanana, matsakaita irin su sata, da manya irin su kisan kai. Madarunfa tana da kotunta, manyan laifuka kuwa babbar kotun Maraɗi ake kai su. Mai gari da sarki suna sulhunta rikicin gona da na aure, amma ba su da hurumin hukunta laifi.

An kuma rarraba aikin. Jandarma ko ɗan sanda yana kamawa ya yi tambayoyi, kuma a laifin yau da kullum tsarewarsa awa 48 ce, sai in an ƙara masa wa'adi. Mai gabatar da ƙara yana tuhuma da sunan al'umma. A babban laifi, alƙali mai bincike yana tattara hujjar da ke kama mutum da wadda ke wanke shi. Lauya yana kāre wanda ake tuhuma, magatakarda yana rubutawa, wasu alƙalai daban su yanke hukunci. Wanda bai yarda ba yana iya ɗaukaka ƙara.

Hikimar ita ce kada mai zargi ya zama shi ne alƙali. Musulunci ya daɗe da sanin wannan. An ruwaito cewa Sayyidina Aliyu (RA), yana halifa, ya ga sulkensa a hannun wani mutum. Bai ƙwace ba, sai ya tsaya gaban Alƙali Shuraihu. Da ya kawo ɗansa Hassan shaida, alƙali ya ƙi karɓar shaidar ɗa ga ubansa, kuma halifa ya sallama. Yana da yaƙinin sulkensa ne, amma bai mai da yaƙininsa hukunci ba.

Taron da ya rufar wa mutum da duka ya haɗa duk waɗannan kujeru a zuciya guda mai fushi: ita ta kama, ita ta yi shaida, ita ta zartar. Babu mai kārewa, babu ɗaukaka ƙara, kuma rai in ya fita ba ya dawowa. In daga baya ta bayyana baƙo ne da ya ɓace hanya, wane istigfari zai mayar wa marayunsa uba?

Wani zai ce kotu tana jan ƙafa, har akan saki wanda kowa ya san halinsa. Kukan yana da tushe, kuma alƙalin da ya sayar da gaskiya zai tsaya gaban Wanda ba a ba Shi toshiya. Sai dai sau da yawa shari'a tana rushewa ne don waɗanda suka gani da ido sun ƙi zuwa shaida, saboda tsoro ko kunyar dangi. Gyaran yana nan, ba a sanda ba.

Don haka aikin muridi uku ne: ya hana duka gwargwadon ikonsa, ya miƙa wanda aka kama ga hukuma, ya faɗi abin da ya gani kawai, ba abin da ya ji ba, ko da a kan ɗan zawiyyarsu ne. Tarbiyyar shehunai ta koya masa ya zama mai tuhumar ransa kowane dare. A kan bayin Allah kuwa, matsayinsa shaida ne, ba alƙali ba. Mai ziyartar waliyyai 99 na bakin tafkin Madarunfa bai kamata ya dawo da jinin Musulmi a rigarsa ba.

Allah Ya ba ƙasa lafiya, Ya tsare ƴan'uwa daga zalunci da goyon bayan zalunci. Amin.