Abin Da Koci Ke Bari a Bayansa

A jami'o'in Amurka akwai wasan da suke kira ƙwallon ƙafa, ko da yake rungumar ƙwallon ake yi a ruga da ita. Ɗalibai ne ke bugawa, amma wasu filayen na ɗaukar mutum fiye da dubu ɗari, kuma a jihohi da dama kocin jami'a ya fi gwamna albashi nesa ba kusa ba. Ranar da irin wannan koci zai ajiye aiki, kofunansa ake ƙirgawa. Mu kuwa tambayar da ta dame mu ita ce: wane hakki magajinsa ke da shi a wuyansa?

Mu fara da Pete Carroll. Shekara tara ya yi a jami'ar USC da ke Los Angeles, ya mayar da ita abin tsoro. A watan Janairun 2010 ya koma horar da ƙwararru a Seattle. Bayan wata biyar hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, ta yanke hukunci a kan kyaututtukan da tsohon ɗan wasansa Reggie Bush da iyalinsa suka karɓa ba bisa ƙa'ida ba. An haramta wa USC wasannin ƙarshen kaka na shekara biyu, aka kuma zaftare mata guraben tallafin karatu 30 cikin shekara uku. Bush ya bar makarantar tun 2006. Yaran da hukuncin ya faɗa wa suna sakandare lokacin da aka yi laifin. Lane Kiffin, wanda ya gaji kujerar, shi ya yi ta fama da ƙarancin 'yan wasa har aka sallame shi a 2013, cikin dare, a filin jirgin sama.

Carroll ya musanta cewa gudun hukunci ya yi, kuma hukumar ba ta kama shi da laifi a karan kansa ba. Mu ɗauka haka ne. Duk da haka, wanda ya ci ladan kuturu ai shi ya kamata ya yi masa aski. Carroll ya ci moriyar gudun Bush, da suna da kuɗin da ya jawo, sannan aka kawo takardar bashin bayan ya bar gidan. Ko da bai aikata komai da hannunsa ba, ya san ana bincike, ya san wani zai biya, kuma tsarin ya ba shi ƙofar fita wadda bai ba ɗaliban ba. A wurinmu, kafin a raba gado sai an fitar da bashin mamaci daga dukiyarsa. A can kuwa mai dukiyar yana raye, ya tafi da rabonsa, bashin ya zauna a kan magada.

Akwai wani gadon da ya fi wannan nauyi, kuma ba mu ga inda za mu ɗora wa mai barinsa laifi ba. Tom Osborne ya ci kofin ƙasa sau uku cikin shekara huɗu a Nebraska, ya yi murabus bayan kakar 1997, ya zaɓi mataimakinsa Frank Solich. Solich ya ci wasa 58, aka ci shi 19, ya kai wasan ƙarshe na ƙasa, amma aka kore shi a 2003 bayan kakar da ya ci wasa tara cikin goma sha biyu. Zunubinsa ɗaya ne, shi ba Osborne ba ne. Tun kofin rukuni na 1999, wanda Solich ɗin ya ɗauko, Nebraska ba ta sake ɗaga wani ba. Kalen DeBoer ma ya ɗanɗana wannan a Alabama, inda Nick Saban ya bar kofuna shida a Janairun 2024: kakarsa ta farko ya ci wasa tara, mutanen gari suka yi kamar an yi rasuwa. Ba za mu ce Osborne ko Saban su rage ƙoƙari don magaji ya samu sauƙi ba. Wannan bashin 'yan kallo ne suka rubuta shi, su ne ke mayar da baiwar mutum ɗaya ta zama haƙƙin gari.

Ke nan, idan za mu yi adalci, a kan abin da ke hannun mai tafiya kawai za mu auna shi, kuma mafi girman abin da ke hannunsa shi ne lokacin tafiyar. Yawancinsu sai rumbu ya ƙare suke tashi, ko kuma sun hango hadari. Bob Stoops na Oklahoma ya yi akasin haka. A watan Yunin 2017, yana da shekara 56, ƙungiyarsa cike da gwanaye, ya sauka ya miƙa wa Lincoln Riley, matashi ɗan shekara 33. Ya bar masa Baker Mayfield, wanda a shekarar ya lashe kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasa. Da ya zauna, da shi za a yi wa kirari a wannan kakar. Mai son kushe zai ce sauka a watan Yuni dabara ce, don ba lokacin neman wani daga waje, dole a ɗauki yaronsa. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, kuma naɗa magaji ma wani salon mulki ne daga bayan labule. Amma ko a haka, hasarar a kansa ta faɗa, ribar ta tafi ga wani.

Abin da ke ba mu haushi shi ne abin da ya biyo baya. A Nuwamban 2021, kwana ɗaya bayan an doke Oklahoma a wasan makwabta, Riley ya tattara ya koma USC, gidan da Carroll ya bari. Mataimaka suka bi shi, fitaccen ɗan wasansa Caleb Williams ma ya bi shi. Brent Venables da ya gaje shi ya gama kakar 2022 da nasara shida, rashin nasara bakwai, abin da Oklahoma ba ta gani ba tun 1998. Kafin Venables ya kama aiki sosai, akwai sauran wasa ɗaya a ƙarshen Disamba, yaran ba su da koci. Stoops ne ya dawo daga ritaya ya tsaya musu a bakin fili, suka ci Oregon 47 da 32.