Rabon Yau

Ya Ubangiji, gari ya waye. Na farka bakina a bushe, kamar kullum tun da na fara shan maganin nan. Ga kofin ruwa a gefen gado. Ga ƙwaya ɗaya a tafin hannuna, fara, 'yar mitsitsiya, ba ta kai ƙwayar wake ba.

Ka san na daɗe ina jin kunyarta. Ranar da likita ya ce ciwon damuwa ne, na naɗe katin asibiti na tura ƙarƙashin katifa. Na tuna yadda muke tsokanar juna muna yara, duk wanda ya yi shirme mu ce a kai shi Dawanau, asibitin masu taɓin hankali. Wasu sun ce jifa ne. Wasu sun ce in ƙara azumi. Ni ma a raina na ce da bangaskiyata ta isa, da ban zo nan ba.

Likita ya ce kada in yi gaggawa, maganin yakan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin a ji aikinsa sosai. Makonnin sun yi mini tsawo. Amma kana nan. Wata safiya na ji yunwa, na ci ƙosai, na ji daɗinsa. Na fashe da kuka don murna.

Sai na yi abin da aka hana ni. Na ce ai na warke, na ajiye maganin ba tare da na sanar da kowa ba. Na ɗauka godiya ce nake yi maka. A hankali duhun ya dawo, barci ya ƙaurace, ko wanka ya zama aiki. Ba ka yi fushi da ni ba. Ka aiko 'yar'uwata ta kama hannuna muka koma asibiti.

Yanzu in na dubi ƙwayar nan, manna nake tunawa. Ita ma fara ce, ƙarama. Shekara 40 Isra'ilawa suna fita da sassafe suna tsintar ta a jeji, kowa daidai cinsa na ranar. Wanda ya ɓoye don gobe, sai ta yi tsutsa ta yi wari. Kana da ikon cika musu rumbu a dare ɗaya. Ka zaɓi su riƙa zuwa wurinka kowace safiya.

Ni rumbu nake so, ya Uba. Ina so a ce an gama, in daina ƙirga ranar komawa ganin likita, in daina lissafin kuɗin kemis a ƙarshen wata. Har yanzu ina roƙonka wannan, ba zan ɓoye maka ba.

Amma ka ba ni na yau. Ka ba ni hankalin da ya natsu har na iya yi maka magana. Kai ka ba likita sani, kai ka sa amfani a cikin magani, kai kuma ka tashe ni in sha.

Zuciyata tana koyo a hankali. Jiya ta ji tsoro. Wataƙila da yamma ma za ta ji. Kana can kafin in isa.

Na gode. Bari in sha, in tashi in share tsakar gida.

Amin.