Bashi Tsakanin Naira da Sefa: Lamba Ake Biya Ko Daraja?

Mutum ya ranci naira dubu ɗari a farkon 2023, ya dawo da naira dubu ɗari a 2024. Ya biya, ko bai biya ba? In an ƙirga takardu, ya biya. Amma in mai kuɗin ya kai su wurin 'yan canji a Kamba, sefar da za a miƙo masa da ƙyar ta kai rabin wadda zai samu a da. Mu a Yawuri tambayar nan ta daɗe da fita daga zauren malamai ta shiga kasuwa. Kogin Kwara da ke ciyar da mu sai ya ratsa ta Gaya ta Nijar da Malanville kafin ya iso mana. Masara da dawa suna tafiya can, dabbobi da wake suna zuwa nan, galibi kuma bisa amana.

Kuɗin biyu duk sun taɓa cin mutane. An fito da naira ranar 1 ga Janairun 1973, naira biyu a bakin fam guda. Wajen 1980 ta fi dalar Amurka ƙarfi. A 1986 gwamnatin Babangida ta buɗe kasuwar gwanjon kuɗin waje, naira ta fara gangarowa. Ita sefa tun 1945 aka ɗaure ta da kuɗin Faransa, amma a Janairun 1994 aka zauna a Dakar aka raba darajarta biyu: faran ɗin Faransa da ake saya sefa 50 ya koma sefa 100. A ranar, masu bin bashin sefa ne suka yi kuka. Daga 1999 aka ɗaure ta da yuro a kan sefa 655.957, tana nan har yau. A Yunin 2023 aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a Fabrairun 2024.

A cikin wannan guguwa kawuna ya karɓi raguna bashi wurin wani Bazabarme na Gaya, gab da Layyar 2023, aka yi ciniki da naira. Sai juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli ya zo, aka rufe iyaka har zuwa Maris 2024. Kafin su haɗu, farashin sefa ya kusa ninkawa. Kawu bai yi taurin bashi ba, mai raguna ma bai yi laifi ba, amma dole ɗayansu ya ɗauki asara.

Mafi yawan malamai, har da namu na Malikiyya, sun tafi a kan cewa bashi da irinsa ake biyansa: naira da naira, lamba da lamba. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta tsaya a kan haka a zamanta na Kuwait a 1988. Hujjarsu mai ƙarfi ce. In aka ce kowane mai bin bashi ya ƙara gwargwadon faɗuwar kuɗi, an buɗe wa kuɗin ruwa ƙofa, kuma talakan da ya ci bashi don jinyar ɗansa zai kwana bai san nawa ake binsa ba. Amma Abu Yusuf, almajirin Abu Hanifa, ya ga a duba daraja idan kuɗi sun tashi ko sun faɗi, shi ma Rahuni, Bamaliken Maroko, ya yarda da haka in faɗuwar ta yi muni.

Ni ina tare da masu rinjaye a hukunci. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mutum ya fake da hukuncin ya ce shi ke nan, ya fita. Alƙali lamba zai duba, Allah kuwa ya san abin da ka san ka amfana da shi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ranci ɗan raƙumi, da lokacin biya ya yi ya ba da wanda ya fi shi, ya kuma yabi masu kyautata biya. Ƙarin da ba a gindaya shi tun farko ba, wanda mai biya ya yi don ransa, halal ne. Haka kawu ya yi. Malamin unguwarmu ya ce masa, “Alhaji, naira ake bin ka, amma ka san abin da naira ta zama.” Ya biya lambar, ya ɗora wani abu a kai, mai raguna ya yafe sauran.

Akwai kuma abin da ya kamata mu gyara tun daga ranar ciniki. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. A zamaninmu rubutun bai cika ba sai an ambaci kuɗin wace ƙasa ne. In da sefa aka ƙulla, sefa ake bi. In an zo biya da naira, hadisin Ibn Umar na cinikin raƙuma da dinari da dirhami ya nuna hanya: a yi da canjin ranar, a kuma rabu babu saura. Wanda kuwa yake da hali ya ja bashi da gangan yana jiran naira ta ƙara faɗuwa, ya ci zalunci ko da ya cika lamba.

Nauyi mafi girma yana wuyan masu riƙe da Babban Banki a Abuja da takwaransa na Dakar. Kuɗi mudu ne da jama'a duka ke awo da shi. Mutanen Annabi Shu'aibu a kan tauye awo aka halaka su, kuma wanda ya buga kuɗi babu lissafi don toshe giɓin gwamnati ya tauye wa masunci a Ngaski da manomin albasa a Shanga, ya cinye ajiyar maraya, ya shiga tsakanin aminai biyu. Za a tambaye shi. Kafin nan, mu da ke ƙasa mu rubuta bashi da sunan kuɗinsa, mu biya a kan lokaci, wanda faɗuwar kuɗi ta sauƙaƙa wa biya kuma ya ƙara wa ɗan'uwansa ba sai an roƙe shi ba.